Ranar da Murhuna Ya Kori 'Yan Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana na fari ba, ko ma na yi niyyar mantawa matan unguwar Highbridge ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga taron biki sai wata ta kama tarin ƙarya tana fifita hancinta da gefen mayafi, sauran su kwashe da dariya. Ni kuwa sai in gyara zama in ce su yi ta yi, haƙoransu ne. Amma gara in ba da labarin da bakina, domin yadda suke ba da shi sun zuba masa gishiri ya wuce misali.

Shekara da shekaru muna haya ni da maigidana, Malam Sani, a wani dogon bene a Tremont, wata unguwa a yankin Bronx na Amurka. Shi yana tuƙa tasi, ni ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Duk wanda ya yi haya a Bronx ya san ɗumin ɗakinsa ba a hannunsa yake ba, yana hannun mai gidan. Ranar da ya ga dama ya kunna, ranar da bai ga dama ba ku kwana da safa biyu da hular sanyi, kuna dukan ƙarfen hita da cokali ko Allah zai sa ya ji daga inda yake. A wannan gidan na haifi Ummi, 'yarmu ɗaya tilo. Ba ni da uwa a kusa, ba ni da 'yar'uwa, ni na dafa ruwana na yi wa kaina wankan jego ina kuka a banɗaki mai sanyi. Tun lokacin na yi rantsuwa biyu. Na ce duk ranar da Allah ya ba ni gida nawa na kaina, babu ɗan Adam da zai sake riƙe min wutata. Na kuma ce duk ranar da Ummi ta haihu, a gabana za ta yi jego, a ɗaki mai ɗumi, da hannuna zan yi mata wanka.

Allah ya amsa rabin farko. Muka sayi wani ɗan tsohon gida a Soundview, mai ɗan fili a baya da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda a nan muke ce wa besmen. Ba mu cika shekara a ciki ba, sanyin farko na shigowa, tsohuwar tukunyar ɗumama gidan ta yi wani irin tari ta ce ga garinku nan. Mai gyara ya duba ya ce taɓa ta ɓata lokaci ne, sai dai sabuwa.

Abin da ya sa maganar ta zama babba shi ne, Ummi ta yi aure, ga ta yanzu da tsohon ciki, kuma lissafin asibiti ya nuna a tsakiyar hunturu za ta sauka. A wurinmu kuwa haihuwar fari gida ake zuwa. Yarinya ta dawo gaban uwarta, a yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, a dama mata kunun kanwa, a gasa ta ciki da waje har ta yi arba'in. Na riga na sa an aiko min da busasshen ganyen darbejiya daga gida, na sayi tukunyar da za ta iya cinye ƙaramin yaro, na gyara ɗaki. Sai ga gida babu wuta.

Labari bai kwana ba ya isa kunnen uwar mijin Ummi, Hajiya Memuna. 'Yar Zangon Kumasi ce, tana zaune a Highbridge, mace mai kirki da kyauta, amma bakinta ba ya da birki. Ta kira ni a waya.

"Hajia, na ji boiler naku ya mutu. Eii! Bari Ummi ya zo wurina ya yi wanka. Building namu akwai zafi paa, sai mun buɗe taga kafin mu yi barci."

(Mutanen Kumasi mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsu, na daɗe da daina jin haushi.)

Na ce, "Hajiya, na gode, amma uwarta tana raye."

Ta ce, "Ai ban ce ka mutu ba. Boiler na ce."

Na ajiye wayar raina yana tafasa. Wato 'yata ta tafi gidan surukai ta yi jego, ni kuma in riƙa zuwa da kwanon kunu ina sallama a bakin ƙofa kamar maƙwabciya? Na ce wa Malam ya ajiye tasi ranar Asabar, za mu je neman murhu.

Muka fita bayan gari, wani ƙaton shago da ake sayar da kayan ɗumama gida. Malam ya nufi na gas kai tsaye. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani baƙin ƙarfe mai ƙofa a gaba, ya kusa kai ni tsayi. Baturen shagon ya buɗe ƙofar ya ce a nan ake zuba itace, fanka kuma ta kwashi ɗumin ta raba wa ɗakuna ta cikin bututu. Wallahi sai na ji kamar na ga ɗan garinmu a tasha.

Malam ya ce, "Maman Ummi, mu ɗauki na gas zalla mu huta."

Na ce, "Gas ɗin daga rijiyarmu yake fitowa? Wani ne yake riƙe da shi a ofis, ranar da ya ga dama ya murɗe. Kuma zafin gas hanci kawai yake busarwa. Zafin itace shi ne yake shiga ƙashi, shi mai jego take buƙata."

Baturen ya ce ba sai mun yi faɗa ba, murhun nan baki biyu ne da shi. Ɓangare ɗaya itace, ɗaya gas. In wutar itace ta mutu, na gas ɗin ya tashi da kansa ya riƙe gidan har a dawo a iza. Ya ce a cikin birni ma hukuma ba ta yarda mutum ya dogara da itace kaɗai ba. Na ce to, tunda haka ne a haɗo da shi, amma ya sani kwalliya ce kawai, wutata ba ta mutuwa. Ya ƙara da cewa itacen ya zama busasshe sosai, wanda ya shekara a ajiye. Nan na yi dariya har da riƙe ciki. Uwata mai waina ce a ƙauyenmu kusa da Bichi, tun ban kai tsawon turmi ba nake hura wuta. A garinmu a sare bishiya, a faskara, a baza a rana, kafin ka ankara an tuƙa tuwo da ita. Yau wani mai jan kunne zai koya min itace?

Aka zo aka kafa murhu a besmen, aka share tsohon bututun hayaƙin gidan aka gyara. Ɓangaren itace ya tashi a ranar. Na gas kuwa aka ce sai wani mai lasisi ya zo ya haɗa, aka ba mu rana. Ni ce zan zauna in buɗe masa ƙofa, tunda Malam yana kan titi. Ranar farko na ɗaga saboda aiki, wannan gaskiya ne. Ta biyu na ɗaga saboda ban ga dalili ba. Daga nan in sun kira sai in kife wayar. Da Malam ya tambaye ni na ce ya kwantar da hankalinsa, na san abin da nake yi. Shi kuma mutum ne da ba ya son dogon zance, bai sake tayar da maganar ba.

Shagon sun haɗo mana da busasshen itace mai ɗan yawa, na fara aiki. Jama'a, wutar nan ta yi kyau! Ashana ɗaya take kamawa. Gidan ya ɗauki wani ɗumi mai laushi da ban taɓa ji ba tun da na baro gida. Har bango in ka taɓa sai ka ji shi da rai. Ban yi wata-wata ba na gayyaci Hajiya Memuna cin tuwo. Ta shigo da kwat har ƙasa. Ta cire kwat, can ta cire suwaita, can ta fara fifita da hannu.

Ta ce, "Hajia, ka ci gari. Gidan nan ya fi namu daɗi. Ummi ya zo nan." Sai kuma ta ce, "Amma in wuta ya mutu fa?"

Na ce, "Hajiya, ƙara miya."

Na san itacen shago zai ƙare, kuma ban yi niyyar sayen wani ba. Ni 'yar mai waina in sayi itace a ɗaure cikin leda kamar burodi? Sai Allah ya kawo wata iska mai ƙarfi ta kayar da ƙatuwar bishiyar da ke gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci. Da masu yanka suka zo da injinsu na leƙa ta katanga na ce su zubo min. Suka kalli juna, suka zubo min duka, har suna yi min godiya (a lokacin na ɗauka tarbiyya ce ta yi musu yawa). Na sayi gatari. Kullum na dawo daga aiki sai in ɗaura zani a kan wandon sanyi in yi ta faskare, maƙwabta suna leƙe ta taga. Na baza shi a filin baya ina juyawa yadda ake juya shanyar kuɓewa. Abin da ban lura da shi ba, ranar garin nan a wannan lokacin irin fitilar cikin firji ce, ga haske babu zafi. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka na kwashe na jibge a besmen, na ce ai ya sha rana.

Ummi ta sauka lafiya, namiji. Aka kawo min ita gida daga asibiti. Kwanakin nan na farko su ne mafi daɗi a zamana na Amurka, ba na ɓoyewa. In dafa ruwa, in tsoma ganye, in yi ta fyaɗa mata tana ihu da Turanci ina ba ta amsa da Hausa. In dama kunu, in gasa nama da yaji, in naɗe jariri a zani in zauna ina kallonsa. Wuta kuwa ban yi mata rowa ba, domin ɗakin mai jego ba a yi masa ƙwauron itace. Haka na yi ta ɗura busasshen nan ba lissafi. Da safiyar ranar suna, maza na fita masallaci a Tremont don raɗin suna, na jefa guntayen ƙarshe a murhu. Ko a jikina, ai ga nawa tsibi guda a gefe.

Ranar kuwa an yi sanyin da har gashin hanci yake daskarewa. Bayan azahar mata suka fara cika gida, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, ga dangin miji 'yan Ghana mota-mota, kowa ta sha leshi da gwaggwaro. Ni ma na ci ado, lalle har gwiwar hannu. Ina cikin gaisawa da mutane na lura babu wadda ta cire kwat. Na sa ƙafa a bakin bututun da ɗumi yake fitowa, na ji iska mai sanyi. Ban ce wa kowa komai ba, na zame na sauka besmen.

Garwashi ya kusa mutuwa. Na ɗebo itacena na jera masa yadda aka koya min, na tura takarda a ƙasa. Takarda ta ci ta ƙare, itace yana kallona. Na yago kwali na tura, kwali ya ci ya ƙare. Sai itacen ya fara wani irin tsaki, bakin kowane guntu yana fitar da kumfa da ruwa. Na san wannan kukan. Duk 'yar da ta tashi a gindin murhu ta san kukan ɗanyen itace. Amma na ce ƙarya yake yi, ni na shanya shi da hannuna.

An gaya min ƙofar murhun a rufe take aiki, shi yake jan iskarsa da kansa. To amma wa ya taɓa hura wuta ta bayan ƙofa? Na wangale ta, na ɗauko maficina na kaba da na zo da shi tun daga gida, na durƙusa da leshina na kama fifita. Na fifita, na busa da baki, na fifita. Hayaƙi ya fara taruwa a saman kaina. A gida in wuta ta yi gardama irin haka kananzir ake ɗan tsiyaya mata. Ba ni da kananzir. Sai na tuna da man da aka soya kajin suna, yana nan cike da roba a kan matakala. Na ɗauko na kwara masa, ba kaɗan ba.

Wuta ta tashi bal! Na ce, "Yawwa, ɗan banza, da wa kake yi?"

Murnata ba ta je ko'ina ba. Man ya cinye, ɗanyen itace ya danne wutar, sai wani baƙin hayaƙi mai kauri ya turnuƙo ta ƙofar da na bari a buɗe. Fankar nan kuma da aka ce tana raba ɗumi, ashe ba ta san bambancin ɗumi da hayaƙi ba. Ta kwasa ta raba wa kowane ɗaki rabonsa, har banɗaki ba ta manta da shi ba. Daga ƙasa na ji hira ta tsaya a sama. Na ji tari. Sai ƙararrawar gobara ta falo ta tsala ihu, ta kicin ta amsa, ta ɗakin mai jego ta karɓa. Na ji ƙafafu suna gudu a saman kaina ana salati.

Mai hankali a nan zai rufe ƙofar murhu ya hau sama. Ni kuwa na ƙara ƙaimi wajen fifita, ina ɗaga murya ina cewa, "Ba komai! Ku zauna! Yanzu zai kama!"

Ƙawata Hadiza, 'yar Damagaram, ta leƙo daga saman matakala tana tari. "Maman Ummi, ki hito don Allah! Kowa ya hita waje, ga pompiers nan, masu kashe gobara, sun taho!"

Na ce, "Wa ya kira su? Wuta ma ba ta kama ba!"

Maƙwabciyata mai bishiya ce ta kira, da ta ga hayaƙi yana fita ta tagogi. Kafin in rufe baki na ji jiniya ta cika unguwa. Sai ga ƙattin 'yan kwana-kwana sun sauko da fitilu da abin rufe fuska, suka haske wata mata durƙushe da gwaggwaro tana yi wa ƙarfe fifita. Na farkon ya tsaya cak, ina jin bai taɓa ganin irin wannan a horon da aka ba shi ba. Ya kama hannuna. Na ce ya ɗan dakata saura kaɗan. Bai dakata ba.

Abin da na gani da aka fito da ni, shi ne har yau in na tuna nake runtse ido. Motocin kashe gobara sun tare titi. 'Yan suna kaf suna jere a gefen hanya cikin dusar ƙanƙara, da leshi da takalma masu tsini, suna rawar ɗari. Wata ta fito da farantin shinkafarta a hannu, wata ta rungumo kular kaji (wannan ko a lahira na san ba za ta bar abinci ba). Maƙwabta sun fito da wayoyi suna ɗauka. Duk suka juyo suka kalle ni. Fuskata baƙa ƙirin, sai layi biyu da hawayen hayaƙi suka wanke, gwaggwaro ya karkace ya rufe min ido ɗaya, mafici yana hannuna ban sake shi ba.

Aka jawo itacena aka watsar a kan ƙanƙara. Abin takaici ko baƙi bai gama yi ba. Shugabansu ya ɗaga guda ya juya shi, ya tambaya wa ya sa wannan a murhu. Na ɗaga mafici. Ya ce babu gobara, hayaƙi ne, a buɗe tagogi duka, kuma kada a sake kunna itace sai an zo an duba bututun. Sannan ya ce, "Na ga murhun yana da ɓangaren gas. In hayaƙin ya fita ku kunna shi, tunda akwai jariri."

Daidai lokacin Malam ya iso da sauran maza. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ai shi ya sa muka saye shi. Maman Ummi, ina ake kunnawa?"

Kowa ya zubo min ido.

Na ce, "Ba a haɗa ba."

"Ba su zo ba?"

Da na so da na ce ba su zo ba, kowa ya san halin masu gyara a garin nan, da an tsine musu an wuce wurin. Amma ni ko a gaban alƙali ba na laɓewa bayan wani. Na gyara gwaggwarona na ce, "Ni na hana su zuwa."

Malam ya cire hularsa, ya leƙa cikinta, ya mayar. Wata daga cikin dangin miji ta ce "Eii!" a hankali, sauran suka taya ta.

Sai a lokacin na tuna ban ga Ummi ba. Na waiga na hango ta a kujerar bayan motar mijinta, an kunna hita. Yarinyar da ko iskar taga ba na bari ta taɓa, mai ɗanyen jiki, an fito da ita cikin ƙanƙara da silifas. Hajiya Memuna tana gefenta, ta zuge kwat ɗinta ta cusa jaririn a ƙirjinta, kansa kaɗai ake gani. Nan kunya ta sake ni, tsoro ya kama ni. Na ƙarasa na dafa motar.

Ummi ta sauke gilashi kaɗan. Ta ce, "Mama, sorry. Za mu tafi Highbridge. Hannunsa ya yi sanyi."

Na jira Hajiya Memuna ta faɗi abin da ke bakinta, ai ranarta ce. Ba ta faɗa ba. Ta miƙo min hankici ta ce, "Hajia, goge fuska. Shigo mu tafi."

Na ce, "Ku tafi."

Suka tafi. 'Yan suna suka kwashi kuloli suka bi su, biki ya koma Highbridge. Aka bar ni da Malam a gida mai buɗaɗɗun tagogi, ga warin hayaƙi da man kaji ya kama labule. Ya kira masu haɗa gas, suka ce a tsakiyar sanyin nan layi ya yi tsawo, sai dai mu jira. Ya je ya samo 'yar hita ta lantarki ya ajiye a gabana. Na zauna ina jiran faɗa, na ma shirya amsoshina. Sai ya ce, "Maman Ummi, kin ci abinci kuwa?" Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na shiga ɗakin Ummi na ga shimfiɗa a yamutse, ga 'yar safar jariri guda ɗaya a ƙasa, na zauna a bakin gado na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba. Abin da na yi shekaru ina tanadi, ni da hannuna na kore shi daga gidana.

Ina nan zaune aka yi la'asar, rana ta fara sunkuyawa. Sai na miƙe.

Na ce, "Malam, lokacin wankan yamma ya yi. Wa zai yi mata?"

Ya ce, "Hajiya Memuna mana."

"Da wane ganyen?"

Na wanke fuska. Na tattara tukunyata da bokiti da ganye da garin kunu da kanwa da kayan sawata, na ce ya tayar da tasi. Ya kalle ni, ya ɗauki makulli.

Gidan Hajiya Memuna a can saman tudu yake, hawa na sama. Tun daga matakala nake jiyo shewa, kuma na san da wa ake yi. Na ɗora tukunyar a ka na yi sallama. Falo cike da matan nan dai da suka sha hayaƙina, kowa ta cire kwat tana gumi. Suka bi ni da kallo. Wata ta fara ɗan tari, ta kusa da ita ta zungure ta. Ban kalli kowa ba, na ratsa ta tsakiyarsu da tukunya a ka har kicin.

Na ce, "Hajiya, na zo wanka. Ina murhunki?"

Ta nuna min. Ta ce, "Ga shi. Amma gas ne fa, Hajia."

Na ce, "Na gani." Na murɗa, ya ƙi. Na sake murɗawa, ya yi ƙyas-ƙyas ya ƙi. Na ce, "To kunna min mana, kin tsaya kina kallona."

Ta kunna. Dariyar da aka yi a falon nan na tabbata an ji ta a hawa na ƙasa. Na bar su suka yi mai isarsu, ni dai ruwana yana kan wuta.

Da na shigar da Ummi banɗaki na tsoma ganye na fyaɗa mata na farko, ta yi ihunta yadda ta saba. Sai ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Ta ce, "Na ɗauka ba za ki zo ba, Mama."

Na ce, "In ban zo ba wa zai ƙona ki? Juya bayanki."

Ta juya, kuma gara da ta juya, domin ba na son ta ga fuskata a lokacin.

A kan doguwar kujerar falon Hajiya Memuna na yi sauran kwanakin har aka yi arba'in, taga a buɗe, ina gumi cikin zafin da wani mai gida da ban sani ba yake kunnawa. Ban fasa wanka ko sau ɗaya ba. Kullum da safe in ta fito sai ta ce, "Hajia, zafi ya isa, ko in aika a saro maka bishiya?" Ni kuma in ce ta ji da shayinta da ba ya jin sukari. Tun muna yi da ɗaci har ya zama gaisuwarmu. Yanzu ba ni da ƙawar da ta fi ta, ko da yake ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Kada wani ya ɗauka na tuba da itace. Murhuna yana nan, ina kunna shi, kuma har gobe ina cewa zafinsa ya fi na gas, duk wanda bai yarda ba ya zo ya taɓa bangona. An dai haɗa ɗaya ɓangaren, ni da kaina na ɗauki hutun aiki na zauna na buɗe wa mutumin ƙofa, har ruwan shayi na ba shi. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Taurin kai halina ne, da shi na zo ƙasar nan, da shi na yi gida, ba kuma zan ajiye shi don matan Highbridge suna tari ba. Sai dai yanzu kafin in yi shi nakan tsaya in duba, in abin ya ɓaci, jikin wa zai ji sanyin. In nawa ne, bismillah. In na jariri ne, a haɗa gas tukuna, sai in yi gardamata a cikin ɗumi.